Amsa: Yadda Jean Rouch yake ɗaukar fim ba rubutaccen labari

Ɗan'uwa, ka tambaya ko gaskiya ne Jean Rouch, Bafaranshen nan mai shirya fim, ba ya rubuta labari kafin ɗauka, kuma ko mai ƙaramin jari zai iya bin sawunsa. Gaskiya ne, sai dai rabin abin da ake kira salonsa kayan aiki ne suka tilasta masa.

Injiniyan gada da hanya ne, haifaffen Paris a 1917. Aikin hanya ya kai shi Nijar a 1941, inda ya haɗu da Damouré Zika, wanda ya zama abokin aikinsa har ƙarshen rayuwa. Daga 1946 zuwa 1947, shi da abokai biyu suka bi kogin Kwara tun daga tushe har teku, da kyamarar Bell & Howell mai fim 16mm. Ƙafar da ake ɗora kyamarar ta salwanta a hanya, dole ya koma riƙewa a hannu.

Wannan kyamara wani ake yi mata, wato a murɗa ta da hannu kamar agogon da, kuma wani ɗaya ba ya wuce daƙiƙa 25. Naɗin fim ɗaya mita 30 ne, bai cika minti uku ba. To ka ga babu halin doguwar ɗauka: ka ɗauka, ka tsaya ka yi wani, a wannan ɗan tsakanin ka zaɓi inda za ka tsaya na gaba. Ga ƙara, ga gudunta ba ya zama daidai, don haka murya ba ta taɓa hawa kan leɓe.

Maganin da ya samo shi ne a ɗauki hoto tukuna, a yanka a haɗa, sannan a zaunar da 'yan wasan gaban majigi su yi ta magana a kai ana naɗa. Haka aka yi fim ɗin Moi, un noir na 1958 a unguwar Treichville ta Abijan, inda Oumarou Ganda, tsohon soja mai dako a tashar jiragen ruwa, ya ba da labarin kansa. Gandan nan ne daga baya ya zama darakta, ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka na Wagadugu, a 1972. Jaguar kuwa, na 'yan ci-rani daga Nijar zuwa Gana, a 1954 aka ɗauke shi, bai fito ba sai 1967.

Inda abin ke lalacewa biyu ne. Idan ka kusanto fuska mutum yana magana, saɓanin leɓe da murya zai tona asiri, shi ya sa ake yawaita ɗauka daga nesa ko daga gefe. Na biyu ya fi nauyi: idan muryar darakta ce kaɗai ke sharhi, mutanen sun zama abin kallo. Abin da ya jawo wa fim ɗinsa Les Maîtres fous, na 'yan borin da ake kira Hauka a Akara, suka ke nan, kuma a 1965 Ousmane Sembène, daraktan fim ɗan Senegal, ya gaya masa ido da ido cewa yana kallon 'yan Afirka kamar ƙwari.

Matakin da masu kwaikwayonsa ke tsallakewa shi ne mayar wa mutane fim su gani. Da ya nuna wa masuntan garin Ayorou na Nijar fim ɗin farautar dorina, sai suka ce a cire kiɗan da ya sa, domin dorina tana ji a ƙarƙashin ruwa, kiɗa kuma ƙara mata zuciya yake.

Sai a 1960, wajen fim ɗin Chronique d'un été da ya yi da masanin zamantakewa Edgar Morin a Paris, ya samu ƙaramar kyamara da rikodar Nagra masu tafiya tare. Ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Konni ranar 18 ga Fabrairu 2004, aka binne shi a Yamai.

Idan za ka gwada, wayarka ta riga ta warware matsalar murya. Ware kuɗi da lokaci don yankan fim, don a nan labarin ke fitowa, kuma ka sa ranar nuna wa 'yan wasanka kafin ka kulle aikin.