Dillali ya ce zai buɗe min kuɗin YouTube, in ba shi kalmar sirrina?

Tambaya: Tashata ta YouTube ta kusa mabiya 600. Wani ya ce in ba shi kalmar sirrina, ya cika min mabiya da awannin kallo, ya haɗa tashar da AdSense ɗinsa (asusun da ake biyan kuɗin talla ta cikinsa), mu riƙa raba kuɗin. Hankalina bai kwanta ba, amma na gaji da jira.

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka ba shi. Gajiyarka tana da dalili. A 2018 YouTube ya ce kafin a fara ba ka rabon kuɗin talla sai ka kai mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, kuma ko an karɓe ka, AdSense ba ya biya sai kuɗin ya kai dala 100. Wannan tsaurin ne ya samar wa dillalai kasuwa a kan ƙananan tashoshi.

Abin da ke ƙona min rai, kuma kullum sai na ji shi, shi ne wai akwai wani mai hanya a ciki da ke "buɗe" kuɗi. Babu shi! Neman shiga tsarin biyan kuɗin kyauta ne, da hannunka kake yi a YouTube Studio, wato shafin da kake kula da tasharka. Mabiyan da zai saya maka na bogi ne, ba sa kallo, YouTube na share su, laifin kuma a kan tasharka zai faɗa, har ya kai a rufe ta. Shi ya riga ya karɓi ladarsa ya koma kan wani. Ko adadin ya cika, sai an duba bidiyoyinka. Idan ya lafta maka na mutane don awanni su taru, za a ƙi ka saboda maimaita kayan wasu.

Batun AdSense ya fi muni. Mai asusun shi ake biya. Kashi 55 na kuɗin talla zai shiga hannunsa, kai kuma abin da ya ga dama zai miƙo maka. Ran da ya sauya kalmar sirri da lambar waya, da me za ka nuna tashar taka ce?

In da gaske taimako zai yi, ba shi izinin edita a Studio, wannan ba ya buƙatar kalmar sirri. In lokacin nema ya yi, ka buɗe AdSense da sunanka, amma ka kunna tantancewa mai mataki biyu (ƙarin tabbaci bayan kalmar sirri) yau ɗin nan.