Kalsiyam ɗin siminti da na ƙashi duk ɗaya ne?

Malam, ka ce an faɗa maka sinadarin da ke cikin siminti shi ne a ƙashinmu, kana so ka san gaskiyar zancen. Haka ne, kalsiyam ɗaya ne, abin da yake haɗe da shi ne ya bambanta.

A masana'anta, dutsen farar ƙasa mai ɗauke da kalsiyam ake niƙawa, a haɗa da yumɓu, a gasa a zafi wajen digiri 1,450 kafin a samu siminti. Farin filastar ɗaurin karaya ma dangin kalsiyam ne.

A jiki kuwa, kusan kashi 99 cikin 100 yana ƙashi da haƙora. Ɗan ragowar da ke jini shi ne abin mamaki: da shi zuciya ke bugawa, tsoka ke motsi, jini ke daskarewa idan ka yanke. In ya yi ƙaranci, jiki kan ciro daga ƙashi a hankali ba ka sani ba. Baligi na buƙatar wajen miligram 1,000 a rana, kuma sai da bitamin D hanji ke tsotsarsa sosai.

Don Allah kar a ci alli da sunan magani. Ƙwayar kalsiyam ma tana hana maganin ƙarin jini shiga jiki sosai idan an sha tare. In kana da ciwon ƙoda ko tsakuwa, ga likita tukuna.