Saƙon da ke cewa kwamfutarka ta kamu da cuta

Ka tambaya ko ya kamata ka biya kuɗin da wani saƙo ya nema, bayan ya mamaye fuskar kwamfutarka da jan rubutu da ƙara yana cewa ya gano ƙwayoyin cuta. Kada ka biya, kada kuma ka kira lambar wayar da ke jikinsa. Saƙon shafin intanet ne na 'yan damfara, kuma shafin intanet ba shi da ikon bincika abin da ke cikin kwamfutarka, saboda haka sandar nan da kake gani tana cika a hankali, da jerin sunayen fayiloli da ke gudu a ƙarƙashinta, hoto ne kawai da aka tsara domin a firgita ka. Kamfanin Microsoft ma ba ya sanya lambar waya a saƙon gargaɗinsa.

Idan shafin ya ƙi rufuwa, danna Ctrl da Shift da Esc a tare, Task Manager zai buɗe, wato tagar da ke nuna manhajojin da ke aiki; daga nan ka kashe burauzar (manhajar da kake shiga intanet da ita), kuma in ka sake buɗe ta kada ka yarda ta dawo da shafukan baya.

Abin da ya fi damuna shi ne in har ka riga ka sauke wata manhaja da 'yan damfarar suka ce ka sauke. To, ka yanke intanet, ka cire ta, sannan ka yi cikakken bincike da Microsoft Defender, manhajar kariya daga ƙwayoyin cuta da ke zuwa kyauta cikin Windows 10 da 11. Idan kuwa ka ba su lambar katinka, ko ka bar wani ya shiga kwamfutar daga nesa, ka kira bankinka nan take a toshe katin, ka kuma canza kalmomin sirrinka daga wata na'urar daban.