Tambayi Likita: Ɗaga Ƙarfe, Rage Tumbi, da Allurar da Ake Tallata wa Samarinmu

Assalamu alaikum. Saƙonnin wannan mako kusan duk a kan abu guda suke, wato yadda mutum zai yi ƙarfi kuma ya sauke kitse. Na zaɓo waɗanda amsarsu za ta amfani jama'a da yawa, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba.

Likita, ni direba ne a Jidda, shekarata 34, nauyina kilo 96. Na fara ɗaga ƙarfe. Abokaina sun ce ba a haɗa ƙara ƙarfi da rage kitse, sai dai ɗaya bayan ɗaya. Gaskiya ne?

Ɗan'uwa, a wurinka ba gaskiya ba ne. Wanda ya daɗe yana ɗaga ƙarfe kuma jikinsa ba kitse, shi ne haɗa biyun ke yi wa wuya. Kai sabon shiga ne, kuma kana da ajiyar kitsen da jiki zai ci ya gina tsoka. Ka je nadi, wato gidan motsa jiki, sau 3 a mako, ka riƙe manyan motsi: tsugunno da ƙarfe a kafaɗa, ɗaga ƙarfe daga ƙasa, turawa daga ƙirji, turawa sama da kai, da jawowa. Ka zaɓi nauyin da za ka iya ɗagawa sau 5 zuwa 8 ba tare da bayanka ya lanƙwashe ba, ka yi zagaye 3, in ya yi maka sauƙi ka ƙara kilo 2 da rabi.

Sauran aikin a faranti yake. Na san yadda ake yi: a wuni a mota, bayan Isha a zauna gaban tiren kabsa da lemon gwangwani. Ka raba shinkafar nan biyu, ka bar kazar yadda take. Gwangwanin lemo ɗaya mai mil 330 yana ɗauke da sukari kusan cokalin shayi 9, ka maye shi da ruwa ko laban. Jikinka na buƙatar furotin kamar giram 1.6 a kan kowane kilo na nauyin da kake son kaiwa, wato wajen giram 130 a rana. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, tsokar kaza mai girman tafin hannu ta kusa 30, ga ful da adas da kifin gwangwani masu araha. Sauke rabin kilo na nauyin jiki a mako ya isa. In ka fi kilo ɗaya a mako, da tsokarka kake zubarwa. Kuma ka riƙa auna ƙugu da igiyar tela, domin sikeli kan tsaya cik alhali wando na sakewa. Abin nema shi ne ƙugunka kada ya kai rabin tsayinka. Kafin ka ƙara nauyin ƙarfe, ka tsaya a mustausaf, wato ƙaramin asibiti, a auna maka hawan jini da suga.

An ce in mutum ya daina ɗaga ƙarfe tsokarsa komawa kitse take yi.

Ba ta komawa. Tsoka daban, kitse daban. Abin da ke faruwa shi ne tsokar ta motse, mutum kuma ya ci gaba da cin abincin mai ɗaga ƙarfe.

Ni mace ce a Makka, 'ya'yana huɗu. Ina tsoron ƙarfe ya mayar da jikina irin na maza.

Kwantar da hankalinki, 'yar'uwa. Sinadarin testosteron mai gina tsoka da ke jikin mace bai kai kashi ɗaya cikin goma na namiji ba. Ƙarfe zai ƙarfafa miki ƙashi da baya ne. In haihuwarki ta ƙarshe tiyata ce, ko fitsari na kufce miki in kin yi tari, ki fara ganin likitar mata.

Ina naɗe cikina da leda in sa rigar sanyi in yi gudu da la'asar, da dare kuma in sha shayin sanamaki. Na sauke kilo 3 a kwana huɗu. In ci gaba?

Ka daina yau, don Allah. Leda a zafin Saudiyya? Ƙasar da gwamnati da kanta ta hana aiki cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba, saboda zafi na kashe mutane, kai kuma ka naɗe kanka kamar alala? Kilo 3 ɗin nan ruwa ne, da ka sha ruwa za su dawo. Kitse ba ya fita ta gumi, ba ya fita ta bayan gida. Jiki ƙona shi yake yi, mafi yawansa ya fita ta numfashi.

Sanamaki shi ne filaskon da muka sani a gida, maganin wanke ciki ne. Lokacin da ya fara aiki a babban hanji, jiki ya riga ya tsotse abincin. Abin da kake zubarwa ruwa ne da sinadarin fotasiyom, wanda zuciya ke buƙata don ta buga daidai. Haka nan shayi da ƙwayoyin rage ƙiba da ake tallatawa a WhatsApp: hukumomi a ƙasashe da dama sun sha samun sibutramin a ɓoye cikin irinsu, maganin da aka janye daga kasuwa a 2010 saboda bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. In kana jin jiri, ko zuciyarka na tsalle, ka je asibiti.

Wane motsa jiki ne ke narkar da tumbi kaɗai?

Babu shi. Jiki ne ke zaɓar inda zai ɗebi kitse, kuma a maza tumbi kan zama na ƙarshe.

Likita, shekarata 23, ina zaune a Shara Mansur a Makka. Kaftin ɗin nadinmu, wato mai horar da mu, ya ba ni kos na allura da ƙwaya na mako 12, ya ce hormon ne irin wanda jiki ke yi da kansa, ba shi da illa in an bi tsari. Na yi mako 6. Ƙwanjina ya fito, amma kan nonona na ciwo kuma ƙuraje sun cika mini baya. Aurena saura wata biyar.

Ɗana, na karanta saƙonka sau uku. Zan tsawaita, domin ba kai kaɗai ba ne, kuma maganar kaftin ɗin nan ita ce ake faɗa wa kowane yaro.

Gaskiya ne jikinka na yin testosteron, sinadarin da irin allurar nan ke ɗauke da shi. Amma ƙwaƙwalwa ce ke auna shi. In ta ga ya yi ƙasa, sai ta aika wa maraina saƙo su ƙara, kuma wannan saƙon shi ne ke sa su yi ƙwayoyin maniyyi. Da ka zuba na allura, ninkin abin da jiki ke yi sau da yawa, sai ƙwaƙwalwa ta ga kasuwa ta cika, ta daina aike. Maraina su zauna ba aiki, su ƙanƙance, ƙwayoyin haihuwa su yi ƙasa, a wasu ma su ɓace ƙaf. Wanda ya gan ka zai ce ga ƙato, alhali a ciki an rufe masana'anta. Jiki na ɗaukar sama da kwana 70 kafin ya yi sabon ƙwayar maniyyi, kuma bayan daina allura farfaɗowa kan ci watanni, wani shekara, wani biyu, wani kuma ba ya komawa yadda yake. Na taɓa zama da wani matashi da aka yi shekara biyu ana zargin matarsa, ana ta ɗura mata jiƙe-jiƙe, sai gwaji ya nuna matsalar daga allurar da yake yi ne a ɓoye. Har yau ina tuna fuskar yarinyar nan.

Ciwon kan nonon da kake ji alama ce cewa jikinka na juya rarar testosteron zuwa sinadarin mata, nono na shirin fitowa. In an tare shi da wuri yakan koma. In ya daɗe ya yi tauri, sai wuƙar likita. Ƙwayoyin da kake haɗiya su ne suka fi cutar hanta, har ido ya yi ɗorawa. Abin da ya fi tayar mini da hankali kuwa shi ne wanda ba ka ji: jini na yin kauri, hawan jini na tashi, kitsen jini mai amfani na faɗuwa, tsokar zuciya na kumbura. Zuciya ma tsoka ce, allurar ba ta san bambanci ba. Samari 'yan shekara ashirin da wani abu sun faɗi matattu a kan wannan.

Sannan wa ya san abin da ke cikin kwalbar? Wannan magani ba a halatta sayar da shi sai da takardar likita. Wanda ke fitowa daga jakar kaftin ta bayan fage ya shigo, babu wanda ya gwada shi. In kuma kun taɓa yin tarayya a allura ko kwalba ɗaya, akwai ciwon hanta nau'in B da C, da ƙanjamau. Mutumin da ke karɓar riyal ɗinka ba shi zai zauna kusa da kai a layin wankin ƙoda ba.

Kada ka sake yin allurar nan. Cikin makon nan ka ga likita, ka tafi da kwalaben da kwalayen, ka faɗa masa gaskiya duka. A auna hawan jini, kaurin jini, hanta, ƙoda, kitsen jini da hormon, daga baya a yi gwajin maniyyi. Kada ka karɓi wani "maganin gyara" daga kaftin, wanda ya jefa ka rami ba shi zai fitar da kai ba. Ka sani bayan dainawa za ka iya jin kasala, baƙin ciki da raguwar sha'awa na wasu makonni. Wannan shi ke mayar da yara kan allura. Ka yi haƙuri, ka ci gaba da ɗaga ƙarfenka, in baƙin cikin ya yi tsanani ka koma wurin likita. Na san wasunmu na gudun asibiti saboda maganar iƙama ko kuɗi. Ka fara da kiran 937, layin Ma'aikatar Lafiya, ko ka shiga mustausaf na unguwa. In ka ji ciwon ƙirji, numfashi ya ɗauke, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, 997, layin motar asibiti, za ka kira a take. Mako 6 ka yi, kana da kyakkyawar damar warkewa. Allah ya sanya alheri a auren.

Garin furotin da kiriyatin fa, su ma hormon ne?

A'a. Garin furotin daga madara ake yin yawancinsa, in kana samun ƙwai da kaza ba dole ba ne. Kiriyatin, garin da ake sha don ƙara wa tsoka ƙarfi, giram 3 zuwa 5 a rana ba shi da laifi ga mai lafiyayyar ƙoda. Ka saya a saidaliyya, wato kantin magani, ko shago mai lasisi, kuma mai ciwon ƙoda ya tambayi likitansa tukuna.

Shekarata 58 a Madina, ina shan maganin hawan jini. Zan iya ɗaga ƙarfe?

Za ka iya, Baba, kuma zai amfane ka. Amma sai jinin ya daidaita. Ka fara da mara nauyi, kada ka riƙe numfashi yayin ɗagawa, ka fitar da shi. Ka sanar da likitanka kafin ka fara.

Jiya na yi tsugunno da ƙarfe sama da sau 100 karon farko. Yau cinyoyina sun kumbura, fitsarina ya koma kalar shayi.

Ajiye wayar nan ka tafi sashen gaggawa yanzu. Alama ce tsokarka ta farfashe, abin da ke cikinta ya shiga jini yana toshe ƙoda. Ana maganinsa da ƙarin ruwa ta jijiya, kuma sa'o'i ne ke raba wanda ya warke da wanda ƙodarsa ta tsaya. Kada ka sha ibufurofen ko dikulofenak, suna ƙara wa ƙoda nauyi. Ka sha ruwa a hanya, kuma in jininka AS ne ko SS ka faɗa musu tun a bakin ƙofa.