Kafin ki sayi sabon fanel, duba tsinken awon zafi

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin ce obin ɗinki yana ta kuka, yana nuna a cire tsinken awon zafin nama alhali ba ki soka shi ba, kuma mai gyara ya ce fanel, wato allon lantarkin da ke sarrafa obin, ne ya ƙone. Don Allah ki riƙe kuɗinki tukuna. Haka nawa ya yi mini ana gobe walimar da na karɓi aikinta, ga cinyoyin rago uku sun sha kayan ƙamshi suna jira.

A can bakin tsinken akwai wani ɗan mitsitsin abu da ke ƙara barin lantarki ya wuce in ya ji zafi, da shi obin ke gane dahuwar nama. Ramin da ake soka shi kuwa a bangon ciki yake, inda tururi da maiƙo ke sauka kullum. In suka taru sai su haɗe ƙarafunan ramin, obin ya ɗauka an soka tsinke.

Ki kashe wutar daga bango, ki bari ya huce sarai. Ki naɗa auduga a tsinken sakace, ki ɗiga mata sifirit, ki goge cikin ramin. Abin da ya fito daga nawa baƙi ƙirin ne kamar kwalta, sai da na canja auduga sau huɗu. Ki bar ƙofar a buɗe ya bushe kafin ki kunna. Ni daga nan kukan ya tsaya.

Amma da na soka tsinken sai ya dawo, ashe shi ma ya mutu. Na ari mitar awon lantarki wurin mai gyaran rediyo na bakin layinmu. Da yawan irin waɗannan tsinkayen in an auna a zafin ɗaki, wajen digiri 25, suna nuna kusan om 50,000 (om shi ne ma'aunin yadda abu ke tare lantarki), sai dai ki duba littafin naki don kamfanoni sun bambanta. Ki damƙe bakinsa a tafin hannu, lafiyayye za ki ga lambar tana sauka a hankali. In sifili ta nuna, ko ta ƙi motsi, ya gama yawo. Ki riƙa lanƙwasa wayar kina aunawa. Tawa daidai inda ƙofa ta saba datse ta lambar ke tsalle. Laifina ne kuma, ni ke jiƙa shi cikin ruwan wanke-wanke har da kan da ake sokawa. Barinsa a ciki lokacin da obin ke wanke kansa da zafi, wanda ke kai kusan digiri 480, shi ma yana kashe shi.

Kada mai gyara ya rikita shi da ɗan ƙarfen da ke bangon baya, mai auna zafin obin ɗin kansa. Wancan wajen om 1,080 yake nunawa, aikinsu daban.

In kukan ya tsaya, obin zai yi gashi ba tsinke. Da ma'aunin hannu na gama aikin walimar: kaza digiri 74 a tsokar cinya, ragon 63 ya isa, ko da yake mutanenmu in ba su ga ya yi luguf ba cewa za su yi ɗanye ne. Sabon tsinken ki saya da lambar obin ɗinki. In ramin ya bushe, wayar bayansa ba ta ƙone ba, kuma bai daina kuka ba, to a nan ne za a yi maganar fanel.