Ɗana mai baki ne, 'yata mai kunya: yaya zan koya musu jagoranci?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Muna zaune a Tudun Wada, ina da yara biyu a sakandare. Namijin shekararsa 14, ba ya shakkar magana a gaban kowa, shi ke juya ƙannensa da yaran layinmu, har babansa na cewa da sarauta aka haife shi. Yayarsa mai shekara 16 tana da ƙoƙari a karatu, amma da aka zaɓe ta shugabar aji sai ta ce ba ta so. Yanzu an kawo mana takardar wata bita ta kwana uku kan shugabanci da za a yi da hutu, kuɗin kuma da yawa. In biya musu ne, ko da abin da zan iya yi a gida?

Wata uwa daga Kaduna

Amsa:

Wa'alaikumus salam Hajiya. Allah ya raya su, ya yi musu albarka.

Bitar dai in da hali ba laifi, amma ki fara tambayar masu shirya ta: yaran za su zauna ne ana yi musu lacca, ko za a raba su rukuni-rukuni a ba su aikin yi? In lacca ce zalla da takardar shaida, riƙe kuɗinki. A aikina na ba ɗalibai shawara, abin da na ga yana gina matashi shi ne amana. A damƙa masa aiki na gaske wanda in ya lalace za a ji a jiki, a bar shi ya yanke shawara da kansa, daga baya a zaunar da shi ya yi bayani.

Namijin ya fi damuna, shi ya sa zan fara da shi. Yaro mai baki yakan sa manya su ɗauka an gama, alhali rabin aikin ma ba a yi ba. Ki lura da shi cikin 'yan kwanakin nan. In ya sa ƙannensa aiki aka samu matsala, wa yake ɗora wa laifi? In an ba shi abu ya raba, nasa yake fara cirewa ko sai kowa ya samu? Amsar waɗannan ita za ta nuna miki ko jagora yake zama ko mai mulkin mallaka.

Ki ba shi aikin da hidima ce tsantsa. Misali, ki miƙa masa kuɗin cefanen mako guda da ɗan littafi, ya tsara, ya je kasuwa, ya rubuta duk abin da ya kashe. Wurin da iyaye mata suka fi ɓata abin shi ne nan: in kuɗin ya ƙare tun Alhamis, kada ki cika masa a ɓoye. A ci garau-garau a gidan kwana biyu, ya ga sakamakon lissafinsa a fuskokin ƙannensa. Ranar Asabar ku zauna ku biyu, ki tambaye shi abin da ya yi daidai, abin da ya kuskure, da yadda zai yi mako mai zuwa. Ki bar shi ya yi maganar, ke ki saurara.

Sannan yana buƙatar wurin da shi ma zai bi umarnin wani. Ƙungiyar Sikawut, 'yan agajin masallacinku, Man O' War, ko ƙungiyar ƙwallo mai koci na kirki, duk suna koyar da tsayuwa a layi, zuwa kan lokaci da jiran naka lokacin. Ina jaddada wannan ne saboda ɓangaren gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke auna sakamako da danne zuciya, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, kuma matashi ya fi yin kasada in abokansa na kallonsa. Yaron da yara ke bi a layi, ba ke kaɗai kika gan shi ba. 'Yan sara-suka da masu ɗaukar yara bangar siyasa irinsa suke nema, don in sun same shi sun sami goma. Gara a riga su ba shi fagen da zai nuna kansa.

Ita kuwa yarinyar, kada a yi mata faɗa. Tambaye ta cikin natsuwa me ya sa ta ƙi. A makarantu da yawa aikin monita bai wuce rubuta sunayen masu surutu a kai wa malami ya yi bulala ba, kuma yarinya mai hankali tana iya gudun wannan baƙin jinin. In kuwa tsoron idon jama'a ne, da kaɗan-kaɗan ake cire shi. Ta fara da biya wa ƙananan yara karatu a Islamiyya, ta haɗa ƙawayenta uku ko huɗu suna bitar WAEC da NECO ita ke tsara jadawalin, in ta saba sai ta shiga kulob ɗin muhawara. Kunyarta ado ce, ba ita za a kashe ba. Sai dai ki daina cewa "ai ita kunya gare ta" a gaban baƙi, domin yaro yakan rungumi sunan da aka laƙaba masa. Ki ba ta labarin Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta horar da malamai mata da ake kira jaji suna shiga ƙauyuka suna karantar da mata, tsarin da ake kira 'Yan Taru.

Addini ma a aikace ya koyar da abin. Hadisi ya zo cewa in mutum uku suka fita tafiya su naɗa ɗayansu shugaba, kuma Manzon Allah (SAW) ya ɗora Usama bn Zaid a kan runduna yana matashi, da manyan sahabbai a cikinta. To in za ku Zariya ko Kano ziyara, ki naɗa ɗayansu amirin tafiya, ya riƙe kuɗin mota da guzuri, a dawowa a ba ɗayan.

Wata rana ki kai su Gidan Arewa da ke titin Raba, inda Sardauna Ahmadu Bello ya zauna. Su ji cewa kafin ya zama Firimiya malamin makaranta ne, sannan a 1934 aka naɗa shi hakimin Raba. Tafawa Ɓalewa ma da alli ya fara. Kwalejin da ta yaye su an buɗe ta a Katsina a 1921, ta dawo nan Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yau. Kuma lokacin yaranki ba nisa gare shi: tun 2018 doka ta rage shekarun tsayawa takarar majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25.

Saura maigida. Ki lallaɓa ki roƙe shi ya daina faɗin maganar sarautar nan a kunnen yaron, ya riƙa yaba masa kan aikin da ya kammala, ba kan kaifin bakinsa ba. In za a yi shawara a gida, kamar ta kuɗin makaranta ko hidimar salla, ya kira su duka biyun, ya fara jin ta bakin yarinyar kafin ƙanenta ya karɓe zancen.