Amsa: Wanda ya kai kansa inda ake yaƙi, dole ne gwamnati ta ceto shi?

Ɗan'uwa, ka ce mutum an gargaɗe shi ya ƙi ji, ya tafi aka kama shi, me zai sa a kashe kuɗin talakawa a kansa. Ni dai ina ga akwai bambanci. Ɗaliban da yaƙin Sudan ya ritsa da su a Afrilun 2023 ai karatu suka je lafiya lau, rana ɗaya harbi ya tashi a Khartoum, wannan kwaso su wajibi ne ba alfarma ba.

Amma mai zuwa yawon buɗe ido bayan ofishin jakadanci ya ce kar a je, to shi ma fa ba za a bar shi ya mutu ba, sai dai ya biya. Haka Amurka ke yi, kafin ka hau jirgin kwaso mutane sai ka sa hannu a takarda za ka mayar da kuɗin. Japan kuwa a 2015 fasfo ɗin wani mai ɗaukar hoto suka ƙwace da ya dage sai ya shiga Siriya.

Abin da ya fi damuna wallahi sojan da za a tura ne, shi ma yana da iyali, kuma ba shi ya aike ka ba.